Sawun Wuta a Gindin Kwanso

Ranar Talata da hantsi aka tsinci gawar Sabo maharbi a cikin gonar gero, bayan Goron Dutse. Daminar 1956 ce, an kwana ana ruwa. Ban ga gawar ba, kuma na gode wa Allah da ban gani ba. Waɗanda suka gani sun ce bindigarsa ce ta fashe ta baya, ta wajen da ake sa harsashi, wani gutsuren ƙarfe ya shige masa ta idon dama. Ko fakarar da ya auna bai samu ba.

Kafin azahar duk Gwammaja an san wanda ya kashe shi. Babana ne, in ji su.

Sunan babana Malam Ashafa. Maƙerin farfaru ne, wato mai aikin tagulla da azurfa, mundaye da zobba da kayan ado. Amma a ƙuryar maƙerarsa, wadda ke cikin zaurenmu, yana da wani aikin da ba a cika faɗarsa da ƙarfi ba. Bindigar Sabo 'yar ƙarama ce ta Turawa, ta harbin tsuntsaye, yana da lasinta, sai dai harsashinta ya yi wuyar samu a kanti. Baba ne ya gano cewa kwanson harsashin bindigar soja, wanda aka riga aka harba aka yar, in aka buɗa bakinsa aka miƙar da kafaɗarsa, yana shiga bindigar Sabo daidai. Sai ya sake ɗura masa albarushi da ƙwayoyin dalma. Shekara huɗu yana yi wa Sabo da wasu maharba haka, ba a taɓa jin ko ƙwarzane ba.

Abin da ya ɓata lamarin indararo ne. Katangarmu ɗaya da gidan Sabo, ruwan indararon soronsa kuwa a gindin katangar yake zuba, har ta fara zaizayewa. Ranar Lahadi suka yi cacar baki a ƙofar gida, a gaban mutane, har aka rirriƙe su. Ran Litinin da safe Baba ya aika masa da sababbin harsasai shida da ya daɗe da sa shi. Ran Talata ya mutu. To wa zai tsaya neman wani bayani?

Da la'asar 'yan doka biyu suka zo suka tafi da Baba. Aka ce Litinin mai zuwa za a kai shi gaban alƙali, kuma maganar jini ce.

Tun daga ranar matan unguwa suka daina aikowa ɗiban wuta gidanmu. Wata tsohuwa da ke kawo mana daddawa ta riƙa wuce ƙofarmu da sauri, kanta a juye. Mutum ɗaya ne bai guje mu ba, Kawu Ilu, ƙanin Inna. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Maƙerin baƙi ne, mai garma da gatari da bindigar toka, shi ne kuma mai gyaran bindigogin maharban unguwa. Da can kullum yana zaurenmu suna wasan nan na miji da ƙanin mata. Ya kan ce, "Yaya, yaushe za ka koya mini aikin kwanson nan?" Baba ya ce, "Tagulla ba garma ba ce, ɗan baƙin hannu. Je ka bugi fartanyarka." A yi dariya a watse.

Yanzu babu dariya. Kullum da rana Inna ta zuba tuwo a farin kwanon Baba, ta ɗaure shi da ƙyalle, Kawu Ilu ya ɗauka ya kai masa inda ake tsare da shi. Idanunsa sun yi ja, don Sabo amininsa ne. Da shi aka haƙa kabarin.

*

Mai unguwa Maharazu bai gamsu ba. Tun suna makarantar allo ya san Baba. Shi ya aika aka kira Baba Ari.

Baba Ari Babarbare ne, kakanninsa suka zo Kano daga Barno. Tsoho ne siriri mai zane a fuska, kullum kansa a sunkuye kamar wanda allurarsa ta faɗi. Bin sawu ne sana'arsa. In an saci jaki ko an fasa rumbu, shi ake nema. Duk abin da zan faɗa a nan wanda ban gani da idona ba, daga bakinsa na ji shi daga baya, kuma na yi iyakar ƙoƙarina kada in ƙara ko in rage. In an ga na yi tuntuɓe, laifina ne, ba nasa ba.

Ran Laraba da sassafe ya je gonar. Inda gawar ta kwanta an tattake shi ya zama kamar wurin kwaɓa ƙasar gini, don haka bai ɓata lokaci a nan ba. Ya fita can gefe ya riƙa zagaye. Ya sami sawun Sabo ya shigo shi kaɗai, babu mai bin sa. Ya kuma sami wani sawun, na mutum marar takalmi, wanda sawayen 'yan kallo suka hau kansa, wato ya riga su zuwa. Mai sawun ya durƙusa kusa da gawar. Da ya tashi bai nufi gari ba, sai da ya fara ratsewa zuwa gindin wata kuka. A kogon kukar Baba Ari ya zaro harsasai biyar a naɗe cikin ganye.

Bai tafi ba sai da ya bi kunyoyin geron ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa. A ta shida ya tono gindin kwanson da ya fashe, ya yage kamar bakin tsohon tulu. Ya sa shi cikin naɗin rawaninsa.

*

Gambo maharbi shi ne ya fara kai labarin mutuwar gari. Baba Ari ya same shi a ƙofar gidansa yana jeme fata, mutane suka taru.

"Gambo, ina ƙaramin yatsanka na ƙafar hagu?"

"Tarko ya cinye shi tun ina yaro. Kowa ya sani, Baba."

"Ƙasar gonar ma ta sani. Me ka ajiye a kogon kuka?"

Gambo ya saki wuƙar jimar. Ya yi rantsuwa biyu, ta uku ta maƙale masa. Can ya ce, "A mace na same shi, wallahi a mace. Na ga burgaminsa a buɗe. Na ce mamaci zai yi harbi ne? Bindigata irin tasa ce."

Nan take mutane suka juya. Ashe Gambo ne! Ai dama sun taɓa faɗa da Sabo a kan wurin farauta. Wani har ya ɗauki hoge.

Baba Ari ya ɗaga hannu. "Ku dakata, masu saurin hukunci. Jiya Ashafa, yau Gambo, gobe sai ni. Gambo, yaushe ka yi niyyar harba su?"

"Jibi, in ƙura ta lafa."

"Kun ji. Satar kayan gawa ya yi, wannan tsakaninsa da mai unguwa ne da Ubangijinsa. Amma wanda ya san akwai mugun harsashi a burgami ba zai saci sauran don ya kara su a fuskarsa ba."

Sai a lokacin Gambo ya gane abin da ya tsallake. Aka ce zama ya yi daɓas a kan ɗanyar fatar, yana shafa idonsa na dama.

*

Ran Alhamis Baba Ari ya shiga Kasuwar Kurmi wurin Nata'ala, mai sayar da tarkacen ƙarfe. Shi ke karɓar kwanson daga hannun masu tsinta a inda sojoji ke koyon harbi.

"Wa ka sayar wa kwanso a watan nan?"

Nata'ala ya yi dariya har goron bakinsa ya zubo. "Ka ce wa ban sayar wa ba, Malam. Mata na yin tandun kwalli da shi. Tsofaffi na zuba garin taba. Wani malami ya ɗebi hamsin, wai zai ɗura laya. Ni da za ka saya ma da na fi murna."

"Mai ɗura albarushi nake tambaya."

"Gidan Ashafa kaɗai. Shi ma ya ishe ni, sai ya ɗaga kowanne ya leƙa shi a rana kamar mai sayen ƙwai. Amma ka ji, kada ka sa sunana a bakin alƙali. Ni tarkace nake sayarwa."

Daga nan ya wuce gidan mamacin. Dije matar Sabo tana takaba, ta bayan asabari ta amsa masa.

"Allah ya jiƙan mai gidan, ya ba ki haƙuri. A ina yake rataye burgaminsa?"

"A zaure, a jikin turke, tare da bindigar."

"Ran Litinin, bayan an kawo harsasan, wa ya shiga zauren?"

Ta ce, "Ga-ruwa ya wuce da tulu. Wanzami ya yi masa aski. Sai Ilu, ya zo ya ɗaure masa kunamar bindiga da ta yi sako-sako. Dama shi ke duba masa ita. Ba baƙo ko ɗaya, Baba. Duk na gida ne." Muryarta ta karye. "A kan ruwan indararo fa. A kan ruwan sama a mai da ni haka?"

Baba Ari ya ce mini ya fito daga gidan ba shi da komai sai sunaye uku na mutanen da kowa ya yarda da su.

*

Ran Juma'a bayan an sauko, mai unguwa ya nema wa Baba Ari izni ya ga babana. Ya same shi a zaune a ƙasa, farin kwanon a gefensa, bai ci rabi ba.

"Ban zo tambayarka ko kai ka kashe shi ba," in ji Baba Ari. "Koya mini aikin nan, tun daga farko. Ka ɗauka ni jaki ne."

Baba ya gyara zama, sannan ya fara. In ana maganar aiki ba ya iya shiru, ko a ina yake.

"Kwanson soja yana da wuya da kafaɗa, kamar kwalba. Bindigar Sabo kuwa miƙaƙƙe take so, kamar kara. Tagullar da aka riga aka harba ta yi tauri, in ka matsa mata sai ta tsage. Dole sai ta sha wuta ta yi laushi. Sai in jera su a tsaye cikin tasa, in zuba ruwa ya kai musu ƙugu. In kunna fitila, in hura wutar da bututu a bakin kaɗai, har ya yi kalar wuyan tantabara, in ture shi cikin ruwan. Daga nan in shafa kitse, in buɗa bakin da tsinken ƙarfe, ƙarami, matsakaici, babba. In sauya masa 'yar hular da kunama ke sara, in ɗura, in toshe da kakin zuma, in goge da tsamiya da toka ya yi ƙyalli."

"Ruwan tasar na mene ne?"

"Don kada zafi ya sauka gindi. Gindi ne ke riƙe duk ƙarfin albarushi. Bakin nake so ya yi laushi. Gindin kuwa yadda Bature ya ƙera shi haka nake barinsa. Wuta ba ta taɓa shi, ko sau ɗaya."

Baba Ari ya kwance rawaninsa. Ya jera harsasan nan biyar a inda hasken taga ya faɗo, gindinsu a sama, ya ajiye fasasshen a kusa. A gindin kowane kwanso akwai 'yan haruffa da lambobi da Turawa suka buga, ƙanana ƙwarai. Duka shidan an goge su suna ƙyalli. Amma a guda uku, cikin ramin haruffan fes yake. A guda biyu, da fasasshen, akwai baƙi maƙale a ciki, inda tsamiya ba ta kai ba.

"Ni ban iya karatun boko ba," in ji Baba Ari. "Amma wannan ba tawada ba ce. Wuta ta taka nan."

Baba ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da idonsa. Ya ɗauki fasasshen, ya sa farce ya karce shi. Ya mayar da su a hankali.

"Malam Ari, ka bar maganar nan."

"In na bar ta, ran Litinin a kanka za ta faɗa."

"Na ji. Ka bar ta."

Baba Ari ya tattara kayansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ba kai kaɗai ne mai iyali ba, Ashafa. Wanda ya yi ukun nan bai san abin da ya yi ba. Zai kuma yi wasu."

*

Ran Lahadi da hantsi aka taru a zaurenmu, don a nan maƙerar take. Mai unguwa ya zauna a kan buzu. Aka kawo Baba da ɗan doka ɗaya a bayansa. Ga Gambo, ga Nata'ala yana ta gunaguni an raba shi da rumfa, ga wanzami, ga ga-ruwa, ga yayan Sabo, ga Kawu Ilu. Wannan kam da kunnena na ji, da idona na gani, don ni da Inna muna bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida, kuma akwai tsaga a jikinsa.

Baba Ari ya sallami wanzami da ga-ruwa da tambaya ɗaya ɗaya. Ya sa Gambo ya maimaita abin kunyarsa a gaban yayan mamacin. Sannan ya juya kamar wanda ya gaji.

"Ni sawun ƙafa na sani, ban san ƙarfe ba. Ilu, kai ke gyara bindigar nan. Tsakaninka da Allah, me ya fasa ta?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Ya dubi Baba, ya dubi mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, na so in faɗa tun tuni, nauyi ne ya hana ni. Yaya bai kashe Sabo da gangan ba. Wallahi bai yi ba. Kuskuren aiki ne."

"Ilu, yi shiru," in ji Baba.

"Bar ni in cece ka, Yaya. Gara a ce kuskure da a ce ganganci." Ya juya wajen jama'a. "Na sha ganin yana yi. Bakin kwanson kaɗai yake gasawa, ya bar gindin ɗanye a cikin ruwa. To ɗanyen ƙarfe yaya zai riƙe albarushi? Duk maƙeri ya sani, in kana son ƙarfe ya yi ƙwari, sai ya yi ja gaba ɗaya ka tsoma shi a ruwa. Haka muke yi wa gatari, haka muke yi wa wuƙa, tun kakanninmu."

"Ilu, don girman Allah."

"Ashafa, ba kai ake tambaya ba," in ji mai unguwa.

Baba Ari ya karɓi kwanso biyu daga aljihun Nata'ala. "Madalla. Nuna mana yadda ya kamata a yi, mu ma mu ƙaru."

Kawu ya hura gawayi da zuga-zugin Baba. Ya kama kwanso ɗaya da awartaki ya tura shi tsakiyar wutar har ya yi jawur, ya tsoma a ruwa, ya yi cuu. Hannunsa bai yi ko gargada ba. Duk wanda ke wurin ya ga ba yau ya fara ba.

Baba Ari ya miƙa wa yayan Sabo awartakin da ɗanyen kwanson. "Matse gindin. Da ƙarfinka."

Mutumin ya matsa har jijiyar wuyansa ta fito. Ko alama.

"To matse wanda Ilu ya ƙarfafa."

Bai ko yi nishi ba. Gindin ya lotse kamar curin tuwo.

Kawu ya fizge awartakin, ya matsa da kansa ta ɗaya gefen. Ya sake lotsewa. Ya tsaya yana kallon abin kamar an musanya masa shi.

"Baƙin ƙarfe ne ke tauri in ya sha wuta da ruwa," in ji Baba, muryarsa can ƙasa. "Tagulla laushi take yi."

Baba Ari bai yi sauri ba. Ya ɗebi tsamiya da toka ya goge lotsattsen kwanson har ya yi ƙyalli, ya nuna wa mai unguwa gindinsa. Baƙi a cikin haruffan. Ya ajiye fasasshen nan kusa da shi, da biyun da aka samu a kogon kuka, ya ware ukun Baba gefe guda.

"Ashafa shida ya aika. Shida aka samu, amma uku ba nasa ba ne. Wani ya cire nasa uku ya sa waɗannan, a zauren Sabo, ran Litinin. Mutum ne da ya san aikin da ido, bai san shi da hannu ba. Yana da tsinken buɗa baki irin na Ashafa. Ashafa, wa ya ƙera maka naka?"

Baba ya kau da kai daga Kawu Ilu, don shi ya ƙera masa.

Nata'ala ne ya dafa kai. "La ilaha illallahu. Goma ya ɗiba a wurina watan jiya. Ya ce yayansa ne ya aiko shi. Shi ya sa na ce gidan Ashafa kaɗai."

Kawu Ilu ya sulale ya zauna a kan tokar maƙera. Bai yi musu ba. Ina jin ko musun ma bai zo masa a rai ba.

"Nawa sun fi ƙwari," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Kwana shida ina cewa na Yaya ne ya fashe. Ina cewa da Sabo ya fara da nawa, da yana raye." Ya ɗago, hawaye na bin baƙin gawayin fuskarsa. "Bana ko bindigar toka ɗaya ba a sa ni ba. Kowa ya koma ta kwanso. Na ce in Sabo ya dawo ya yaba, sai in ce masa uku nawa ne, ka je ka gaya wa Yaya ɗan baƙin hannu ma ya iya. Dariya na so mu yi. Wallahi dariya."

"Me ya hana ka gwada a kafaɗarka?" in ji yayan Sabo. Ya miƙe, sai da ɗan doka ya shiga tsakani. "Kana da fuska ai. Me ya sa sai tasa?"

Kawu ya kifa kai a kan gwiwoyinsa.

"Ka kuma san ka taɓa burgamin," in ji mai unguwa, "ka yi shiru, kana kai wa mutum tuwo a ɗaure."

Baba ya rufe fuskarsa da hannu biyu. "Magana ɗaya ce, Ilu. Gindin ba ya shan wuta. Shekara biyu kana tambayata. Magana ɗaya, na tsaya ina yi maka wasa."

A bayan ƙyauren Inna ba ta yi kuka ba. Ta dai kama hannuna ta matse, har washegari akwai shatin farcenta. Da aka fita da Kawu ta tsagar ta bi shi da ido, sannan ta koma madafa ta zauna a gaban murhun da babu wuta.

*

Ran Litinin aka saki Baba. Aka karɓe tsinkayen nan uku da gwangwanin albarushi, aka gargaɗe shi kada ya ƙara, shi ma ya ce ko ba a hana shi ba ya gama. Alƙali ya ce na Kawu ba kisan ganganci ba ne, amma rai ya salwanta ta hannunsa kuma ya ɓoye. Aka ɗaure shi.

Matan unguwa suka dawo ɗiban wuta kamar ba a yi komai ba. Mai daddawa ma har da cewa ita dama ta san Malam ba zai aikata ba. Baba Ari ya zo ya sha fura a zaure, Baba ya yi masa godiya, godiya irin wadda ake yi don ya kamata. Tsohon ya gane. Ya ce, "Na sani, Ashafa. Ba kowane sawu ne ke kai mutum inda zai yi murna ba."

Inna ta yi wa Baba sannu da zuwa, ta kai masa ruwan wanka, ta shimfiɗa masa tabarma. Bayan wannan ba ta ƙara ce masa komai ba, shi ma bai nema ba.

Ran Laraba da rana ana yayyafi. Na ga ta wanke farin kwanon nan, ta zuba tuwo, ta ɗaure shi da ƙyallen da ta saba. Ta ɗauko ta fito tsakar gida, sai ta tsaya. Mai kai kwanon shi ne yanzu ake kai wa.

Baba ya fito daga zaure. Ya sa takalminsa, ya zo gabanta ya miƙa hannu biyu. Ta ɗora masa kwanon a hannu.

"Ba ya cin miya sai da yaji," ta ce. "Yana cikin ƙullin, a gefe. Kada ya zube."

"Ba zai zube ba."

Na bi shi har bakin ƙofa. Hanyar ta gindin katangar nan take, ta ƙarƙashin indararon Sabo, wanda har yau ba wanda ya gyara. Ruwa na zubo masa a kafaɗa. Ya rungume kwanon a ƙirjinsa, ya wuce ta ciki, bai kauce ba.